Ƙusa a Cikin Marke

Marken da iskar damina ta kayar a bayan gidanmu
ya yi wata huɗu kwance yana shan rana.
Jiya Baba ya ƙwanƙwasa shi da sanda, ya ce ya isa.
Lantana ta haihu ran Laraba,
ga wankan jego safe da yamma har kwana arba'in,
tukunyar kuwa ba ta san ƙirare ba, sai faskare.

Sanyi ya gangaro daga Dutsen Mbula tun kafin kiran salla,
ya kwana a randa, ruwan alwala ya koma reza.
Duk Dass ba mai son fitar da hannu daga hammata.
Awaki sun cure a jikin danga,
ni na jawo gatari daga ƙarƙashin rumbu.
Ƙotar ta yi sulɓi inda tafinsa ya shekara talatin yana kamawa.
Nawa tafin, alli ya sani da jan biro.

Saran farko, gatari ya yi tsalle ya dawo mini
har haƙorana suka amsa.
Baba na kan kifaffen turmi, bargo har kunne,
ya fara dariya, tari ya ƙwace ta.
"Tanimu, dambe ka zo yi?
Kowane icce da ƙofarsa. Rana ta riga ta tsaga maka,
kai dai nemo."

Na durƙusa na nemo ta,
siririya kamar layin da ke tafin jariri.
Na sauke baki a nan.
Gungume ya ce ƙas, ya wage gida biyu,
cikinsa jaja-jaja, da wani ƙamshi mai ɗaci
da na rabu da ji tun ina ɗan aji uku.
Kafin hantsi na tuɓe rigar sanyi na rataya a reshen kargo,
bororo biyu sun fashe, na ukun na hanya.
Kyauta na kwashe ɓawo a tsohon daro,
tana ƙirga sarana da ƙarfi, tana tsallake bakwai.

A gungume na shida ne, wanda ke daidai kafaɗar mutum
lokacin da bishiyar ke tsaye,
gatari ya yi ƙara irin wadda icce ba ya yi.
Tartsatsi ya tashi. Baki ya gimtse.
Na ɓare da hannu, sai ga ƙusa,
doguwa, baƙa, a lanƙwashe,
nama ya rufe ta ruf, har da guntun igiyar rama a wuyanta.

Baba ya ce in miƙo.
Ya juya faskaren, ya sake juyawa,
ya shafa kan ƙusar da babban yatsa.
"Innarku ce ta kafa, da dutsen niƙa,
shekarar da aka haife ka.
Nan take shanya zanen goyonka.
Na ce za ta kashe mini bishiya,
ta ce bishiyar za ta binne mu duka."
Ya yi shiru. Can ya ce, "Rabi ta faɗa daidai."

Na gwada zare ta da filaya, ta ƙi.
Ya ce in bari, ba da ƙarfi ake karɓar abin da icce ya haɗiye ba.

Da magariba aka ɗora tukunyar Lantana.
Shi da kansa ya tashi, yana dafa bango,
ya tura wancan faskaren can tsakiyar murhu.
Marke ba ya hayaƙi sosai, ci yake a hankali,
ruwa ya tafasa, ganyen darbejiya ya cika gidan,
jaririn ya yi kuka, aka ba shi, ya yi shiru.
Muka zauna jin ɗumi har rushi ya lumshe.

Da asuba na fito da buta, hannuwana sun ƙi dunƙulewa.
Na tarar da shi tsugune bakin murhu, ba bargo,
da karan dawa a hannu,
yana tona toka a hankali.